Kwana 40 ina rubuta godiya, sai ga ƙafar wani tsoho a cikin hotona

Farkon abin dai ba wani babban shiri nayi ba. Na lura ne addu'ata ta koma roƙo zalla, daga Ubangiji ka ba ni sai Ubangiji ka tsare ni, in na gama ince amin in tashi, ga kuma gunaguni da ya zame min jiki har matata take cewa tun daga yadda na turo ƙofa take gane irin ƙorafin da na shigo dashi. Sai na samo ƙaramin littafin rubutu nace kwana 40 zan yi, kullum kafin in kwanta zan rubuta abu uku da na gode wa Allah dominsu a wannan ranar, kuma na sa wa kaina doka cewa ba zan maimaita abu ɗaya sau biyu ba. Wannan dokar ita ta jawo duk abin da zan faɗa.

Kwana huɗun farko babu wahala. Rai, lafiya, matata, yara, aiki, iyaye, ceto, duk manyan abubuwan da kowa yake faɗa in an ce a yi shaida a coci. Kafin sati ya cika sun ƙare, na zauna da biro a hannu ina kallon takarda, ba dan Allah bai yi min komai ba sai dan ban ga komai ba, na wuni a waje amma in ka tambaye ni me na gani a hanya ba abin da zan iya faɗa maka. To dole na fara buɗe ido da rana saboda in samu abin rubutawa da dare. Kuma gaskiya sati na biyun nan yayi min daɗi sosai. Na rubuta hasken safiya da yake shigowa ta tsagar labule ya kwanta a bango, na rubuta tsuntsaye da suke jeruwa a kan waya kaman an auna tazarar da ke tsakaninsu, na rubuta dariyar wasu yara biyu da suke rabon takalmi ɗaya kowa ƙafa guda suna tsere, a lokacin dariyar kawai na gani, takalmin bai ce min komai ba. Na koma Matiyu 6 inda Yesu yace a dubi furannin jeji, ba sa aiki ba sa saƙa amma ko Sulemanu da duk darajarsa bai taɓa yin ado kaman ɗayansu ba, sai naji kaman yau na fara karanta wurin.

Akwai wata bishiya a hanyar da nake bi zuwa aiki, na fi shekara uku ina wucewa ta gabanta. A kwanakin nan ta zubar da ganye kusan duka ta fito da fure ja jawur, in rana ta fito ta bayanta sai ka rantse wuta ce ta kama reshen, ƙasan wurin ma duk yayi ja saboda furen da ke zuba. Rana ta 11 na tsaya na ɗauke ta hoto da waya. Da na duba sai naga a ƙasa ta gefen hagu akwai ƙafafun mutum a miƙe a kan kwali, da wani tsohon akwati na katako, sai kawai na sa yatsa na yanke wannan gefen hoton ya fito tsaf, ban ɗauki daƙiƙa biyar ina yin hakan ba kuma ban ji komai a raina ba. Da dare ina nuna wa matata sai ta ja hoton baya ta faɗa kan na asalin da ban goge ba. Tace, "Wannan ƙafar wa ce?" Nace wani tsoho ne mai gyaran takalmi da yake zama a wurin. Tace, "Da sassafe haka a kwance? Ai kenan a nan yake kwana." Shikenan abin da tace, ta miƙo min wayar.

Washegari na kula da kyau, kuma haka ne, nan yake kwana. Da dare na buɗe littafina na rubuta: na gode Allah da nake da ɗakin kwana, ba kaman tsohon nan ba. Kuma naji daɗin abin da na rubuta fa, naji kaman na ƙaru a ruhaniya. Daga nan sai na samu wata sabuwar rijiya ta godiya da ba ta ƙafewa, in naga mai bara sai in gode da nake da albashi, in naga yaro ba takalmi sai in gode da yarana suna da nasu, in naga mace da goyo tana wankin kayan wasu sai in gode da matata ba ta kai ga haka ba. Kusan sati ɗaya nayi a haka, shafukan suna cika da sauri. Dama tun muna yara haka aka koya mana, in ka raina naka dubi na ƙasa da kai, kuma ban ce duka maganar ƙarya ce ba.

Ranar da abin ya tsaya min a wuya ita ce rana ta 18, muna karatun safe a gida muka zo Luka 18, misalin mutum biyu da suka shiga Haikali yin addu'a. Na san labarin tun ina makarantar Lahadi, na san Bafarisiyen ne mai girman kai, amma ban taɓa lura da kalmar da ya buɗe addu'arsa da ita ba. Godiya ce. Ya Allah na gode maka da ni ba kaman sauran mutane nake ba, har ya nuna mai karɓar harajin da ke tsaye can nesa. Na rufe Littafi Mai Tsarki na ɗauko littafina na karanta abin da na rubuta a satin nan, layi bayan layi ginin maganar iri ɗaya ne da nasa, na gode da ni ba kaman wane ba. Na sani shi a kan adalci yake magana ni kuma a kan abin hannu, amma aikin da muka sa ɗan'uwanmu iri ɗaya ne, mun mai da shi abin da za mu taka mu ji tsayinmu. Tsohon nan yana kwana a kan kwali ni kuma na samu layi ɗaya a littafina, shi bai samu komai ba, ko sannu ban taɓa ce masa ba.

Kwana biyar ban rubuta komai ba. Bishiyar ma ta daina yi min kyau, in na hango jan furen sai gabana ya faɗi, har kwana biyu na canza hanya na bi ta nesa dan kar in gan shi, ina tafiya ina tuna firist da Balawen nan na Luka 10 da suka ratse ta ɗaya gefen hanya, na san abin da nake yi kuma ban fasa ba. Da dare sai in kama karance-karance a intanet kan talauci. Na ga Bankin Duniya a 2025 ya mai da ma'aunin matsanancin talauci dala 3 a rana, kuma mutanen da ke ƙasa da wannan layin sun kai wajen miliyan 800, kusan mutum ɗaya cikin goma a duniya. Na ɗauka sanin adadin zai motsa ni, amma nauyi kawai ya ƙara min, domin miliyan 800 ba su da fuska, ba za ka iya gaishe su ba, kuma cikin sauƙi zuciya take cewa tunda abin ya kai haka ai ni ba abin da zan iya. Wani tunani ma ya zo min cewa wataƙila godiya a kan fure da hasken safiya wasan masu ƙoshi ne, wanda ya kamata mai hankali ya ji kunyarsa. Wannan tunanin ya fi na farkon haɗari a ganina yanzu, dan kamannin tawali'u gare shi amma ƙarshensa ba godiya ba taimako, ka rasa duka biyun.

A cikin karance-karancen nan ne na ci karo da yadda Ignatius na Loyola, wani firist na Katolika mutumin Sifen da ya rasu a 1556, ya koya wa mutane binciken zuciya na kullum. Mataki biyar ne. Ka fara da gode wa Allah saboda alherin da ka karɓa, sannan ka roƙi alherin da za ka iya ganin laifinka, sannan ka bi ranar sa'a bayan sa'a kana tambayar kanka me ka yi tunani me ka faɗa me ka aikata, sannan ka nemi gafara, sannan ka ƙudura abin da za ka gyara da taimakon Allah. Ni ba ɗan Katolika ba ne amma na gane kaina a ciki nan take, ashe matakin farko kawai nake ta maimaitawa kwana 18. Shi ya sa godiya a gaba ne dan ta buɗe ƙofa ga sauran huɗun, ni kuma na tsaya a bakin ƙofar na shimfiɗa tabarma. Daren nan na raba shafin gida biyu, a sama abin da na gode dominsa, a ƙasa wa na gani yau kuma me nayi da ganin.

Sai kuma Ayyukan Manzanni 3, wanda shi ne ya ɗaga ni daga zaune. Wani gurgu tun daga haihuwa, shekararsa ta wuce 40, kullum ana ɗauko shi a ajiye a ƙofar Haikali yana bara, kuma sunan ƙofar Kyakkyawa. Wannan sunan ya daɗe yana yi min yawo a kai. Wato wurin da ya fi ɗaukar ido nan ne aka ajiye wanda ido ba ya son gani, mutane suna wucewa ta kansa za su shiga yi wa Allah godiya, wasu ma suna jefa masa wani abu ba tare da sun dube shi ba. Bitrus da Yahaya sun zo addu'ar ƙarfe 3 na yamma, kuma kafin maganar azurfa da zinariya, kafin warkarwa, abin da aka fara rubutawa shi ne Bitrus ya zuba masa ido, sannan yace masa dube mu. Ni ban da baiwar ce wa gurgu tashi ka yi tafiya, amma wannan na farkon ba wanda ya hana ni.

Rana ta 24 na fita da wuri na tsaya nace, "Baba ina kwana." Ya ɗago yace, "Lafiya lau ɗana, takalmi ne?" Nace a'a gaisuwa ce kawai. Ya dube ni ɗan lokaci yace to madalla, na gode. Na wuce ina jin kunya kaman wanda ya je biko. Washegari na yi abin da nake ganin shi ne taimako, na kwashe tsofaffin kayan sawa da na daina amfani da su na cika leda na kai masa. Ya karɓa da hannu biyu ya sa albarka, sannan a hankali yace, "Ɗana, ina zan ajiye su?" Na dubi wurin, akwati ɗaya ne kuma kayan aikinsa ne a ciki. Ban tambaye shi me yake bukata ba, na kai masa abin da ya dame ni a ɗaki ne. Ya zaɓi riga ɗaya mai kauri yace sauran in kai wa masu wurin ajiya.

Daga ranar na koyi zama. Na tambayi sunansa ya faɗa min, ba zan rubuta shi a nan ba dan nasa ne, amma na tuna cewa a duk misalan da Yesu ya bayar mutum ɗaya ne kawai aka kira da suna, Li'azaru matalaucin da ke kwance a ƙofar mai arziki, mai arzikin kuwa ba a faɗi nasa ba. Ina kai masa takalman gidanmu ɗaya bayan ɗaya, waɗanda da gaske suke bukatar gyara, ina biyan abin da ya yanka ba tare da na mai da shi sadaka ba, domin na lura in aiki ne yakan miƙe zaune ya gyara wuyan riga, in kyauta ce sai ya sunkuyar da kai. Kuma kar wani ya ɗauka irin labarin nan ne na talaka mai murmushi kullum da ya koya wa mai kuɗi sirrin farin ciki. Baba yana da faɗa, yana ƙorafi a kan ciwon baya da masu karɓar aiki su ƙi biya, akwai ranar da ko amsa gaisuwata bai yi da kyau ba. Yana cewa mun gode Allah, yana kuma cewa ya gaji, duka biyun da gaske yake.

Wata safiya fure yana ta zubo mana nace masa, Baba bishiyar nan taka akwai kyau. Ya ɗaga kai ya dube ta yace, "Tana da kyau. Amma in ta yi ja haka ruwa ya kusa." Sai ya ci gaba da aikinsa. Ni na kasa cewa komai. Furen da na rubuta a littafina da murna, na ɗauke shi hoto, shi a wurinsa sanarwa ce cewa kwanan kwali ya kusa ƙarewa kuma bai san inda zai koma ba. Bai ce ba ta da kyau ba fa, wannan ne ya fi taɓa ni, ya ga kyan sarai kaman yadda na gani, sai dai shi yana ganin abin da ke biye da shi.

A wannan zaman ne kuma na lura in zai zura zare a allura sai ya miƙa hannu can nesa ya yi ta gwadawa, wani lokaci har sai ya jira yaro ya zo wucewa ya zura masa. Yace shekara biyu kenan ido yana ja baya, aikin da yake gamawa kafin rana ta take yanzu sai ya kai yamma, masu kawo aiki suka ragu, kuɗin haya ya gagara, ɗakin ya tafi. Wato daga ramin allura aka fara har aka kai ga kwali. Na san yawancin mutane in sun haura 40 ganin kusa yakan fara raguwa kuma tabarau na karatu kawai yake bukata, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2019 tace aƙalla mutum biliyan 1 suna fama da matsalar gani da za a iya kare ta ko kuma har yanzu ba a magance musu ba. Wannan karon adadin bai danne ni ba dan ɗaya daga cikinsu yana zaune a gabana da allura a hannu. Na tambaye shi ko zai yarda mu je a duba idon, yace sai ranar da ba aiki, muka sa rana. Sakamakon bai zo yadda na so ba. Idon dama tabarau ya taimaka, na hagu kuwa yanar ido ce ta rufe shi, sai an yi aiki, aka rubuta mana ranar dawowa da nisa.

Abin ya fi ƙarfin aljihuna ni kaɗai, sai na kai maganar gaban 'yan ƙungiyarmu ta addu'a, ban nuna hotonsa ba kuma sai da na nemi izininsa kafin in faɗa. Wani dattijo a cikinmu ya karanta mana Littafin Firistoci 19, inda Allah ya ce wa Isra'ilawa in suna girbi kar su girbe har gefen gona, kar kuma su koma yin kala, su bar wa matalauci da baƙo, dokar da ta sa Rut ta samu abin kai wa surukarta daga gonar Bo'aza. Yace mu lura ba a ce ka girbe duka sannan in ka ji tausayi ka ɗebo ka bayar ba, tun farko gefen ba naka ba ne. Na dawo gida da wannan maganar na zauna da matata muka duba namu gefen gonar. Muka ware wani kaso na abin da ke shigowa duk wata wanda ba ma lissafa shi cikin namu, ban da baikon coci. Ni kuma na ga lokacina ma girbe shi nake har bakin iyaka, ina fita daidai minti na ƙarshe ta yadda ko mutum ya faɗi a gabana ba zan iya tsayawa ba, sai na mai da fitata baya da minti 15. Cikin duk abin da na canza wannan minti 15 ɗin ne ya fi wuya, kuma akwai ranakun da na kasa.

Ranar Lahadin da ta biyo baya aka yi Jibin Ubangiji. Fasto yana karanta kalmomin da muka saba ji, Yesu ya ɗauki gurasa, ya yi godiya, ya gutsuttsura, ya ba su. Na taɓa jin cewa sunan da ikkilisiya ta farko ta ba wannan jibin da Helenanci ma'anarsa godiya ce, amma ranar ne na ji jerin kalmomin a jikina, godiyar tana tsakiya, abin yana hannunsa lokacin da ya gode, kuma bai ajiye shi ba. Na karɓi nawa ina kuka a hankali, matata ta riƙe min hannu ba ta tambaye ni komai ba.

Ban daina gode wa Allah saboda ɗakina ba, har yanzu ina rubuta shi, sai dai na daina jingina shi da rashin wani. Bishiyar ma ta dawo min da kyanta. Rana ta 37 na sake ɗaukarta hoto, na tambayi Baba ko in ɗauka da shi, yace in bari ya sa tabaran tukuna.

Ruwan farko ya sauka daren rana ta 39. Na farka da ƙarar sa a kan rufi, abin da tun ina yaro nake so, na kwanta ina jin daɗinsa ina kuma tunanin kwali, na kasa komawa barci. Wani daga cikin 'yan ƙungiyarmu ya riga ya yi magana da mai wani gini a kusa ya yarda Baba ya riƙa kwana a ƙarƙashin rumfarsa zuwa lokacin da za mu haɗa na ɗaki, amma ban tabbata ya koma ba dan ya ce shi ba ya son takura wa kowa. Gari na wayewa na fita. Furen duk ya zube ya manne da laka, gindin bishiyar ba kowa. Na same shi a rumfar ya jawo akwatinsa ciki, gefen rigar nan mai kauri ya jiƙe, yana goge tabarau da bakin zani. Nace Baba ya ruwa, yace ruwa yayi gyara, ya ɗana ya kwana. Na miƙa masa takalmin ƙaramar 'yata da igiyarsa ta tsinke, ya ɗauko allura ya rufe idon hagu, a gwaji na uku zaren ya shiga. Yace in dawo da yamma, kuma in tuna masa ranar asibitin nan dan shi lissafin kwanaki yana ɓace masa.